Jawabi Ga Manoman Auduga Na Baudeta

'Yan'uwa mutanen Baudeta, da na Tasawa da Mayahi,

Kullum muna kuka masu saye sun karya mana auduga. To, mu fara duban namu hannun. Tun zamanin BCGA a Zariya da Funtuwa, da CFDT wanda Faransa ta kafa a 1949, ba nauyi kaɗai ake biya ba. Malamin awo haske yake dubawa, da tsabta, da bushewa. Masaƙa kuwa dogon sili mai ƙarfi take nema, gama gajere tsinkewa yake a inji. Fara ƙal ita ce lamba ɗaya. Wadda tsutsa ta rina, ko ta kwashi ganye da ƙasa, lamba biyu ce, kuɗinta kaɗan.

Wake ɗaya ke ɓata gari. Dunƙule guda mai dauɗa ya isa ya sauko da buhu duka.

Saboda haka kada mu tsinka da raɓa. Mu riƙe jaka biyu, fara dabam, rinanniya dabam. Mu shanya bisa tabarma. Mu guji buhun leda, zarensa shiga auduga yake. Mai zuba ruwa ko yashi don nauyi, sunan kasuwarmu yake kashewa.

Kowane reshe ya karanta wannan ran kasuwa. Wasalam.