Sayen Tsohuwar Lasifika: Inda Ji Ya Kori Gani



An ba mu ɗan lokaci mu yi magana a kan wani abu da mai yiwuwa wasu za su ga bai kai a tara jama'a dominsa ba, watau sayen tsohuwar lasifika. Amma duk wanda ya taɓa ƙuntata wa cikinsa wata biyu don ya tara kuɗi, sa'an nan ya kai su kasuwa ya dawo da akwatin banza, ya san maganar ba ƙarama ba ce. Mu kanmu abin ya faru da mu. Mu huɗu ne a ɗaki ɗaya nan Tudun Wada, kusa da Kongo, muka haɗa kuɗi muka sayi lasifika biyu masu ɗauke da sunan wani babban kamfani. Mai kayan ya kunna mana su a bakin titi, cikin ƙarar babura, muka ji suna ruri, muka biya. Da muka kai ɗaki muka cire yadin gaban, sai muka tarar akwatin ne kawai na asali, abin da ke ciki kuwa lasifikar mota ce aka ɗaure da waya. Tun daga ran nan muka shiga zama wurin masu gyaran rediyo muna tambaya, kuma abin da muka koya ne za mu gaya muku.

Da farko ya kamata mu san inda waɗannan kaya suka fito. A shekarar 1974 kwamitin da Jerome Udoji ya shugabanta ya miƙa wa gwamnatin Janar Yakubu Gowon rahotonsa a kan albashin ma'aikata, aka biya ƙarin har da ariya a farkon 1975. Kuɗin nan ya shigo da babura da kayan sauti cikin gidajen ma'aikata, kuma Zariya garin malamai da akawuna ne, ga jami'a tun 1962, ga asibiti, ga Kamfanin Gaskiya. Ta haka Pioneer da Sansui da Akai da Kenwood na Japan, da Wharfedale da Tannoy na Ingila, suka sami wurin zama a falon kakanninmu. Da darajar naira ta faɗi daga 1986, sabon kaya ya fi ƙarfin ma'aikaci, sai aka koma ga na gwanjo da ake saukewa a Legas. Saboda haka tsohuwar lasifikar da za ka gani yau a shagon mai gyara, ko dai ta gado ce wadda ta shekara wajen hamsin tana shan hunturu da damina, ko kuwa ta gwanjo ce wadda ba wanda ya san tarihinta.

To, me ya sa mutum zai nemi tsohon abu alhali ga sababbi cike da kasuwa? Dalili shi ne aikin lasifika bai sake sosai ba tun 1925, lokacin da Chester Rice da Edward Kellogg na kamfanin General Electric a Amurka suka bayyana tsarinta. Akwai maganaɗisu a baya, akwai naɗin siririyar waya da masu gyara ke kira koyil, akwai takarda mai siffar malafa. Wuta ta bi koyil, koyil ya motsa takarda, takarda ta tura iska, kunne ya ji. Tun da haka ne, wadda aka ƙera da kyau a 1975 tana iya fin sabuwar roba ta yau daɗin sauti. Da tsohuwar zuma ake magani, amma fa sai wadda ba a sirka ba.

Ga yadda ake dubawa. Fara da akwatin. Ɗaga shi ka ji nauyinsa, ka ƙwanƙwasa gefensa. In ya amsa kamar ganga, katakon ba shi da kauri. Juya shi ka dubi gindinsa, domin yawancinsu da dusar katako aka matsa su, in ruwan damina ya taɓa su sai su kumbura su riƙa marmashewa, kuma gara ta ƙasa take farawa. Sa'an nan ka cire yadin gaba. Mai kayan da ya hana ka cire shi ya riga ya gaya maka abin da ke ciki. Dubi notunan: in kawunansu sun cinye, ko ka ga ramukan da ba kome a cikinsu, an taɓa sauya wani abu. Lasifika biyun kuma su zama iri ɗaya a ciki, ba a waje kawai ba.

Abu na biyu shi ne zoben da ya kewaye takardar ya riƙe ta. In na yadi ne ko na roba, yakan daɗe. In na soso ne, bayan shekara goma sha biyar ko ashirin sai ya ruɓe, ka taɓa shi ya zube kamar gari, kuma zafinmu yana ƙara masa sauri. Wannan ba mutuwa ba ce, ana sake shi, sai dai a rage kuɗinsa cikin ciniki. Abin tsoro yana ciki. Buɗe yatsunka ka ɗora su kewaye da tsakiyar takardar, ka danna a hankali, daidai wa daida. In ta shiga ta fito shiru, lafiya. In ka ji ƙarce-ƙarce kamar yashi, to, koyil ya ƙone ya kumbura, ko ƙurar hunturu ta shiga, ko ya karkace. In akwatin rufaffe ne ba shi da rami, irin wanda Edgar Villchur ya fito da shi a 1954, takardar za ta dawo sannu-sannu, domin iskar da ke kulle ciki ita ce ke riƙe ta. In ta dawo da sauri, akwatin yana yoyon iska.

Abu na uku, kada ka je kasuwa ba tare da batirin tocila ɗaya a aljihu ba. Taɓa wayoyin lasifikar biyu a kan batirin na ɗan lokaci kaɗan: za ka ji ɗan ƙara, takardar ta motsa. Yawanci waje take fitowa, ko da yake wasu tsofaffin JBL ciki suke komawa; abin lura shi ne duka biyun su nufi wuri guda. In ɗaya ta fita ɗaya ta shiga, za su riƙa cinye amon juna, sautin ya rasa kauri. Wanda ya sami aron mita kuwa ya auna: lasifikar da aka rubuta mata om 8 takan nuna tsakanin 5 da 7. In mita ba ta nuna kome ba, waya ta tsinke a wani wuri.

Yanzu kuma maganar lambobi, inda aka fi cutar masu boko irinmu, domin mun saba girmama abin da ke rubuce. Za ka ga ɗan akwati an manna masa wat dubu biyu da haruffan PMPO. Wannan lissafin talla ne. Ko a Amurka sai da hukuma ta kafa doka a 1974 don tilasta wa masu ƙera amfilifaya su faɗi ƙarfin da na'urar ke iya jurewa a kai a kai. Mu sani kuma, kafin kunne ya ji sauti ya ninka, sai an ninka wat kusan sau goma. Wat 30 na gaskiya sun ishi ɗakin ɗalibi har maƙwabta su yi ƙorafi. Har wa yau, ƙaramar amfilifaya da aka murɗe ta ƙure ta fi babba saurin ƙona tuwita, watau 'yar ƙaramar lasifikar da ke fitar da siririn sauti. Shi ya sa tuwita ce ta fi mutuwa a tsofaffin akwatuna, masu sayarwa kuwa ba su faɗa. Naɗe takarda kamar bututu, ka sa baki ɗaya a kanta ɗaya a kunnenka, ka tabbatar tana magana.

Wani zai ce maka maganaɗisun nasa alniko ne, don ya ɗaga farashi. Gaskiya ne da shi aka ƙera manyan lasifikoki da yawa har zuwa 1978, lokacin da yaƙi a Kolwezi, cikin lardin Shaba na Zayar, ya sa kobalt ya yi tsada, kamfanoni suka koma ga wani irin maganaɗisu mai araha. Amma alniko kansa yana rage ƙarfi in an wahalar da shi, kuma akwai lasifikoki masu kyau ƙwarai da ba su da shi. Kada kalma ta ci maka kuɗi.

Gwaji na ƙarshe shi ne saurare, kuma shi ne babba. Hausawa sun ce gani ya kori ji, amma a wannan ciniki ji ne ke korar gani. Ka tafi da sautin da kunnenka ya sani. Mun ga ba abin da ya fi muryar mutum, domin tun muna goye muke jin ta: karatun wani alaramma da ka saba da shi, ko muryar mai karanta labarai. Bayan haka ka sa Mamman Shata, ka ji ko kalangu yana hawa yana sauka a fili, ko kuwa ya narke cikin amshi. Ka sa Ɗan Maraya Jos, ka ji ko tsirkiyar kuntigi tana da kaifi. Ka saurara da ƙaramin sauti tukuna, domin ƙara tana rufe aibi, kuma ka ji kowace ɗaya ita kaɗai. In mai kaya ya ƙi a shiga cikin shago a rage hayaniya, ka yi masa sallama. Ba a cinikin biri a sama.

Za mu rufe da roƙo guda biyu. Na farko, mu girmama masu gyara. Yawancinsu ba su zauna aji irin namu ba, amma suna naɗa koyil da hannu su ta da abin da muka ɗauka ya mutu, kuma a wurinsu muka sami rabin abin da muka faɗa yau. Tafiya da ɗaya daga cikinsu wurin ciniki ta fi asarar alawus na zango guda sauƙi. Na biyu, watarana mu ma za mu gama karatu mu sayar da kayanmu ga na bayanmu. Ran nan mu cire yadin da hannunmu, mu nuna aibin kafin a tambaya, domin wanda zai saya ɗalibi ne kamarmu, da kuɗin abincinsa zai biya.