DAMISA CE, KO JITA-JITA?

Jawabi ga manoma da makiyaya da maharba na Kanya Babba da kewayenta

A ƙasar Kanya Babba, da sauran garuruwan Babura da Kazaure da Roni da Gwiwa, idan damina ta yi nisa, gero da dawa suka rufe mutum, a kan ji labari ya tashi cewa wata dabba ta shigo. Wani ya wayi gari ya tarar an ɗauke masa akuya a turke. Wani kuma ya hangi idanu biyu suna ƙyalli a bakin gona da almuru. Kafin ranar kasuwa ta zagayo, akuya ɗaya ta zama biyar, idanun nan kuwa sun zama damisa, a bakin waɗansu ma zaki. Daga nan mata su daina zuwa itace, a hana yara kiwo, samari su ɗauki bindigar toka su bazama.

Wannan magana ba ta wasa ba ce, domin akwai dukiya a cikinta, akwai rai, akwai kuma mutunci. Saboda haka ya kamata jama'a su san irin dabbobin da suka rage a wannan yanki, da yadda a ke gane gaskiyar labari, da abin da ya wajaba a yi in an same shi.

INA MANYAN DAWA SUKA TAFI?

Ba shakka a zamanin kakanni akwai zaki da damisa a ƙasar Hausa. Kirarinsu da tatsuniyoyinsu da sarautar Sarkin Baka duk shaida ne. Amma zaki ba ya zama sai inda akwai daji mai faɗi, da ruwa, da manyan namun da zai ci, kamar su ɓauna da gwanki da kanki. Da mutane suka yawaita, aka sare daji aka mai da shi gona, aka harbe namun, sai abincinsa ya ƙare, shi ma ya ƙare.

Tun 1956 aka keɓe dajin Yankari a ƙasar Bauchi domin a tsare abin da ya rage, a 1963 kuma Gwamnatin Jihar Arewa ta kafa dokar namun daji. Duk da haka raguwar ba ta tsaya ba. A watan Janairu na 2014 masana na ƙungiyar Panthera suka bayyana sakamakon binciken da suka yi shekara shida suna yi a Afirka ta Yamma. Sun bi manyan gandun daji 21, amma wuri huɗu kaɗai suka tarar da zaki: Niokolo-Koba a Senegal, da dajin da ya haɗa iyakokin Binin da Burkina Faso da Nijar, sa'an nan Kainji da Yankari a Nijeriya. Jimlarsu duka wajen 400 ne, na Nijeriya kuwa ba su kai 50 ba. Daga ƙasar Babura zuwa Yankari ya fi mil 200, tsakani kuwa gonaki ne da garuruwa da hanyoyin mota. Zakin da zai ratsa wannan duka ba wanda ya gan shi, lalle sai a yi mamakinsa.

Damisa ta fi zaki iya ɓuya, ta kan kuma rayu da ƙananan namu a cikin duwatsu. Amma ita ma wani bincike da aka buga a 2016 ya nuna ta rasa fiye da kashi 80 cikin 100 na wuraren da ta ke zaune a dā a Afirka ta Yamma. Don haka in an ce ga damisa a gonar wane, zato mafi ƙarfi shi ne wata dabba ce dabam: ko kura, ko dila, ko muzurun daji, ko karnukan gari da suka saba da ɗanyen nama, ko messo, watau wata kyanwar daji ja mai baƙin gashi tsaye a kan kunnuwa, wadda ta kan ɗauki kaji da 'yan awaki. Ko kuwa ɓarawo ne mai ƙafa biyu, kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

AMMA A KAN YI ABIN MAMAKI

Kada wannan ya sa a raina duk wanda ya kawo labari. A ƙasashen Turai akwai masu neman ɓoyayyun dabbobi, watau waɗanda a ke jin labarinsu amma ba a tabbatar da su ba. Wani masani ɗan Beljiyam, Bernard Heuvelmans, ya rubuta babban littafi a kan haka a 1955. Yawancin abin da irin waɗannan mutane su ke bi ya kan tashi a banza, amma ba duka ba.

A dajin Kwango mutanen wurin sun daɗe da sanin wata dabba mai zane a ƙafafu kamar jakin dawa, Turawa kuwa suna ɗaukarta almara. Sai a 1901 Sir Harry Johnston ya samo fatarta da ƙoƙon kanta ya aika London, aka tabbatar 'yar'uwar raƙumin dawa ce, ita ce a ke kira okapi. Mutanen dajin sun yi gaskiya tun farko, amma fata da ƙashi ne suka raba gardama.

Ga misali na kusa. A duwatsun Termit, arewa maso gabas da Damagaram, makiyaya sun san akwai rabbi, watau dabban nan mai kama da damisa, siririya, wadda ta fi kowace dabba gudu. Masana sun sha ganin sawunta, ita kuwa ba ta yarda a gan ta. Sai suka kafa na'urar ɗaukar hoto mai aiki da kanta idan abu ya gifta, a 2010 ta ɗauko hoton rabbin da dare. Haka nan a dajin Sena Oura na ƙasar Cadi, inda aka yi kusan shekara 20 ba a ga zaki ba, irin wannan na'ura ta ɗauko zakanya lafiyayya a 2023.

Akwai kuma wata hanya da babbar dabba ta kan bayyana inda ba a zata ba, ita ce ta kuɓuce wa mai ita. A watan Disamba na 2015 zaki ya tsere daga gidan namun daji na Jos, aka harbe shi. A watan Oktoba na 2019 wani ya kuɓuce daga kejinsa a gidan namun daji na Kano, aka yi wajen kwana biyu hankalin mutanen unguwannin kusa a tashe kafin a mai da shi. A ƙasar Sikotilan ma, inda babu manyan kyanwoyin daji ko kaɗan, wani manomi na Cannich da a ke kashe wa tumaki ya kafa tarko a 1980, ya kama wata dabbar Amurka mai suna fuma. Da aka duba ta sai aka ga ta saba da mutane, alamar wani ne ya kiwata ta ya sake ta. A ƙasar Hausa kuwa kowa ya san gardawa masu yawo da kura, dabbar da ta ke hannun mutum kuwa tana iya kuɓucewa.

YADDA ƘARYA TA KE SHIGA

A watan Yuni na 2019 labari ya game duniya cewa goggon biri ya haɗiye kusan naira miliyan 7 a gidan namun daji na Kano. Jaridun ƙasashen waje suka ɗauka, aka yi ta dariya. Daga baya Gwamnan Kano na lokacin, Abdullahi Umar Ganduje, ya ce babu ma goggon biri a gidan. Dabbar da ba ta nan ita aka ɗora wa laifi.

Turawa ma ba su tsira ba. A gundumar Bodmin ta Ingila an yi shekaru ana cewa wata baƙar damisa tana cin tumaki, har Ma'aikatar Gona ta aika masu bincike a 1995, suka komo ba su sami tabbatacciyar shaida ba. Ba a daɗe ba wani yaro ya tsinci ƙoƙon kai mai manyan fiƙoƙi a bakin kogi, magana ta sake tashi. Masana na gidan tarihin halittu na London suka duba, suka ce lalle kan damisa ne. Amma sun lura an yanke ƙeyarsa da wuƙa kamar yadda a ke yi wa fatar da za a shimfiɗa a ɗaki, suka kuma sami kwanson ƙwan wani kyankyaso na ƙasashen zafi a cikinsa. Ashe daga buzun ado ya fito, ba a Ingila dabbar ta mutu ba.

Yau kuma ga wayar hannu. Hoton da aka ɗauka a wata ƙasa shekaru da suka wuce sai a turo shi a ce jiya ne a bayan gari. Wanda hoto ya zo masa ya tambaya: wa ya ɗauka, a gonar wa, yaushe? In ba a sami mai amsa ba, kada ya tura wa kowa.

YADDA A KE GANE GASKIYA

Gani ya kori ji, ƙasa kuwa ba ta ƙarya. Abu na farko shi ne sawu. Zaki da damisa da messo suna tafiya da faratansu a janye, saboda haka sawunsu kewayayye ne, babu alamar farce, bayan tafin kuma yana da tudu uku. Kare da dila da kura faratansu a waje su ke, dole su bar alama a gaban kowane yatsa, bayan tafinsu kuwa tudu biyu ne. Sawun babban zaki ya kai wajen inci 5, na damisa inci 3 zuwa 4. Wanda ya ga sawu ya kife ƙwarya a kansa don kada a tattake, in kuma zai ɗauki hoto ya ajiye kwalin ashana a gefe domin a gane girmansa.

Abu na biyu shi ne gawar dabbar da aka kashe. Damisa ta kan kama maƙogwaro ko wuya, ta bar ramukan fiƙa, sa'an nan ta ja naman zuwa maɓoya, wani lokaci har ta hau da shi bisa itace. Kura ta kan farke ciki, ta tauna har ƙashi, da wuya ta bar abin kirki. Karnuka su kan ciji ƙafafu da cinyoyi, su raunata dabbobi da yawa, su watsa garke. In kuwa aka tarar da igiya a yanke sumul, babu jini babu alamar ja, to, wannan ba aikin mai fiƙa ba ne.

Abu na uku shi ne gashi da kashi. Gashin da ya maƙale a shinge ko a ƙaya a tsince shi a naɗe a takarda, domin yanzu masana suna iya gane dabba daga gashinta. A nan tsofaffin maharba suna da amfani ƙwarai, da ɗan gari a kan ci gari. Ya kamata su ne za a fara kira su karanta sawu, tun kafin taron 'yan kallo ya ɓata wurin.

ABIN DA ZA A YI, DA ABIN DA ZA A BARI

Wanda aka yi wa ɓarna ya sanar da mai unguwa nan da nan, mai unguwa ya kai wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, a kuma gaya wa malamin daji da malamin dabbobi na ƙaramar hukuma. Kafin su iso a shigar da awaki da tumaki cikin gida da dare, a ƙarfafa shinge da ƙaya, yara su fita kiwo da babba, su komo kafin faɗuwar rana.

Kada a sa wa mushe guba. Guba ba ta zaɓe. Ungulu da ke share mushe ita ta kan fara mutuwa, sa'an nan karnukan gari, wani lokaci har ta kai ga mutum ko ruwan sha. Kada kuma samari su fita farautar dare a kan jita-jita, domin a cikin duhu da tsoro mai bindiga ba ya bambanta dabba da mai ban ruwa ko makiyayin da ya yi dare. In kuwa ta tabbata zaki ne ko damisa, tun 1985 Gwamnatin Tarayya ta kafa dokar da ta sa su cikin dabbobin da aka hana farauta, aikin hukuma ne ta san yadda za ta yi da su.

Wanda dabba ta ciza ko ta yakusa, ko da kare ne, a wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, a kai shi asibiti ran nan. Haukan kare ya fi damisa kisa nesa ba kusa ba, kusan duk wanda cutar ta kama daga cizon kare ya samo ta, in kuma alamunta suka bayyana magani ya ƙare.

Saura magana ɗaya, ita ce mafi nauyi. A waɗansu wurare idan aka rasa gane abin da ke cin dabbobi, sai a fara raɗe-raɗin cewa wane ne ya ke rikiɗa ya zama kura. Yawanci baƙo a ke nunawa, ko tsohuwa marar gata, ko mai taɓin hankali. Wannan ƙazafi ne. Addini ya hana, doka ta hana, wanda kuma ya ɗaga hannu ya taɓa mutum a kan haka zai amsa a gaban alƙali. Akuyar da ta ɓace a kan mai da irinta, amma rai da mutunci ba su da madadi.

Ana roƙon dagatai da masu unguwanni da limamai su karanta wa jama'arsu wannan jawabi, musamman kafin amfanin gona ya rufe. Duk wanda ya kawo labari a saurare shi da mutunci, a bi shi zuwa wurin, a duba sawu, sa'an nan a yanke magana. Allah ya kiyaye jama'a da dukiyarsu, ya ba da damina mai albarka, amin.