Hoton Ciki Ba Na Jefarwa Ba Ne



Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci kowace mai juna biyu ta yi hoton ciki kafin mako 24. A Kaduna, daga Kawo zuwa Unguwar Rimi, mata sun karɓi wannan kira. Sai dai takardar hoton da ake miƙa musu ba ta jure zafi. Kafin goyo ya yi wayo ta koɗe.

Maganin wannan shi ne manhajar adana hotuna, wato PACS, mai aiki da ƙa'idar DICOM ta 1993. Tana ajiye hoto da ranarsa da awonsa, likita ya kwatanta na jiya da na yau. Idan za a yi amfani da hoton a gwajin sabon magani kuwa, sai an goge sunan majiyyaci kafin masu bincike su duba, domin dokar kare bayanai ta 2023 ta tsare sirrinsa.

Asibitin Koyarwa na Barau Dikko, inda ɗaliban Jami'ar Jihar Kaduna ke koyon likitanci, shi ya cancanci jagorantar wannan tafiya. Ya kamata gwamnati ta tanadi lantarki da ƙwararru, domin da ruwan ciki akan ja na rijiya.