Ɗauri a Allo, Ɗauri a Aji: Jawabi ga Taron Reshenmu na Birnin Kebbi



Abin da za mu tattauna a yau ƙarami ne a ido, amma a kansa ne karatun yara da yawa yake tsayawa, wato baƙin da ba shi da wasali. Dukanmu mun san yadda ajin farko yake tafiya. Muna biya wa yara ba, be, bi, bo, bu har su haddace, su karanta "baba" da "tuwo" ba gargada. Ranar da muka rubuta "sarki" a allo, sai mu ji "saraki". Idan muka yi musu shifta, wanda aka ce ya rubuta "kanti" sai ya rubuta "kati", shago ya koma takarda. Dalili shi ne mun saba musu da gaɓa mai ƙarewa da wasali, ba mu tsaya a kan mai ƙarewa da baƙi ba, alhali sunayen garuruwanmu cike suke da ita: Ar-gun-gu, Bir-nin Kabi, Gwan-du.

Kowane rubutu da dabararsa a wannan wuri. A kudancin Indiya, masu harshen Telugu na jihohin Andhra Pradesh da Telangana suna da rubutun da kowane baƙi yake zuwa da wasalin "a" a jikinsa. In ana son baƙin ya tsaya shi kaɗai, sai a ɗora masa wata alama da suke kira pollu, ta kashe wasalin. In baƙi biyu suka haɗu, sai a ƙanƙanta na biyun a rubuta shi a gindin na farko. Haka suke rubuta "amma", wadda a harshensu take nufin uwa. Yaronsu yana ganin alamar da idonsa, malaminsa kuma yana ba ta darasi na musamman.

Mu ma muna da irin wannan alama tun kafin zuwan Turawa. A makarantar allo almajiri yana fara babbaƙu, ya san ba guje da kaf lasan, sannan ya shiga farfaru, ya koyi wasali bisa da wasali ƙasa da rufu'a. A nan ne yake haɗuwa da ɗauri, ɗan da'irar nan da ake ɗora wa baƙi don a nuna ba wasali a kansa, da kuma shadda mai nuna baƙi biyu sun haɗu, kamar a "dabba". Da waɗannan alamomi malaman ƙasar nan suka yi aiki, tun daga Malam Abdullahi ɗan Fodiyo na Gwandu, wanda ya wallafa littattafai a nahawu da sarfu, har zuwa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864 bayan ta karantar da mata da rubuce-rubucenta na Fulatanci da Hausa da Larabci.

Boko kuwa, wanda Ɗan Hausa ya tsara ƙa'idojin rubutunsa a 1912, ba shi da alamar ɗauri. Baƙin yana tsayawa tsirara, sai yaro ya gane da kansa cewa ba wasali a bayansa. To, mafi yawan yaran da suke zuwa mana da safe sun riga sun san ɗauri daga wurin malamin allo. Ilimin yana hannunsu, aikinmu shi ne mu haɗa musu shi da boko.

Saboda haka muna roƙon reshe ya amince da abubuwa uku. Na farko, mu riƙa amfani da kalmar ɗauri a darasin Hausa. Mu rubuta "sarki", mu ɗora ɗan da'ira a kan "r" da alli mai launi, mu ce wannan ɗaurarre ne, har sai yara sun saba sannan mu daina sawa. Na biyu, a riƙa tafa gaɓoɓi da hannu, a fara da sunayen da yaro ya sani, kamar Kanta da Bunza da Kamba. Na uku, kowane shugaban makaranta ya ziyarci malaman allo na unguwarsa da ladabi, ya ji yadda suke biya farfaru, domin yaran nasu su ne namu.

Iyaye da ke wannan zaure, ku ma kuna da rabo. Idan yaro ya dawo gida, a sa shi ya karanta kalma biyar masu ɗauri kafin ya fita wasa. Yaron da ya kai aji uku bai iya haɗa "birni" ba, zai sha wuya a lissafi da Turanci da duk abin da ke cikin littafi, daga nan sai ya fara gudun makaranta, uba ya ce gara ya bi shi gona ko su. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Muna fatan a taron zango mai zuwa kowace makaranta ta zo da bayanin abin da ta gani a ajin ɗaya da na biyu. Allah ya sa wa aikinmu albarka.