Yadda Kifaye Maciya Nama Ke Raba Abinci: Darasi Daga Gulbin Zamfara

 

Duk wanda ya tsaya gaban mai kifi a kasuwar Jega zai ga tsage da tarwaɗa da yauni a faranti ɗaya, wata rana har da giwan ruwa. Dukkansu 'yan uwansu kifaye suke ci, kuma daga gulbi ɗaya aka kamo su. To, ya aka yi ɗaya bai kashe sauran da yunwa ba?

Amsar ita ce kowa da lokacinsa, da wurinsa, da girman lomarsa. Tsage da ido yake farauta, da rana, a sararin ruwa, yana bin kawara da haƙoransa masu kama da ƙusa. Tarwaɗa sai dare ya yi take lalube a ƙasan taɓo da gashin bakinta, ba ta ƙin ƙwaro ko katantanwa ko mushe. Yauni yana laɓewa cikin ciyawa, yana gano abin da zai kama da 'yar wutar lantarkin da jikinsa ke fitarwa. Giwan ruwa kuwa da ƙwari da jatan lande yake farawa yana ƙarami, sai ya girma ya koma kan manyan kifaye.

Haka abin yake a teku. Alhazanmu da suka sauka Jidda sun ga Bahar Maliya, inda duwatsun murjani suke. A can akwai wani kifi, hamur, mai farauta da rana, da wani kifi mai kama da maciji da ke shiga ramuka da dare. Masana sun ga hamur yana zuwa bakin ramin wannan kifi yana kaɗa masa kai, su fita tare: ɗaya ya tsare fili, ɗaya ya kutsa lungu.

Idan aka ɓata wannan rabo, ana ji a jika. An saka giwan ruwa a Tafkin Biktoriya a shekarun 1950, kuma daga baya ɗaruruwan nau'o'in ƙananan kifayen tafkin suka ɓace.

Mu a nan, da hannunmu muke ɓata namu. Mai su da gidan sauro yana kwashe 'ya'yan kifin da suka ƙyanƙyashe a fadama lokacin damina, wato abincin manya ke nan da kuma manyan gobe. Mai zuba guba kuwa ba ya barin kowa.

Kakanninmu sun san wannan, shi ya sa ake hana su a Matan Fada ta Argungu har sai lokacin bikin kamun kifi. Ina roƙon sarakunan ruwa na Jega da Maiyama su tsare wuraren ƙyanƙyasa, su hana raga mai ƙananan ido. Ɗalibai kuma ku je bakin gulbi, ku buɗe cikin kifi, ku rubuta abin da ya ci.

 Allah ya albarkaci ruwanmu.