Shekararmu ta Hidima a Garin Lafiya: Abin da Muka Bayar da Abin da Muka Samu

Jawabin bankwana da wakilin matasa masu yi wa ƙasa hidima ya karanta a gaban taron ƙungiya

 

An ba mu ɗan lokaci mu yi bankwana, mu kuma ba da bayanin amanar da aka ɗora mana. Mu ne 'ya'yan nan naku da aka turo Jihar Nasarawa daga Kano da Katsina da Sakkwato da Zariya domin yi wa ƙasa hidima, waɗanda kuka ba aron zaure da benci da allo, kuka ce mu shirya ƙannenmu shiga manyan makarantu. To shekara ta zagayo, kaki ya koɗe, lokacin komawa gida ya yi.

Kamar yadda iyayenmu suka sani, gwamnatin Janar Yakubu Gowon ce ta kafa wannan shiri da dokar soja mai lamba 24 ta ranar 22 ga Mayu, 1973, shekara uku bayan ƙare yaƙin basasa, domin ɗan Nijeriya da ya gama karatu ya bar jiharsa ya je ya zauna da waɗansu mutane, ya san su, su san shi. Da haka muka sami kanmu a sansanin Keffi, muka yi mako uku na fareti da tashin asuba, sa'an nan aka rarraba mu makarantun sakandare na garin nan da kewaye. Da safe muna aji, da yamma kuma muna zauren da kuka ba mu.

Jama'a, bari mu fara da abin da ya fi ba mu mamaki. Yaron da ke Lafiya a yau yana zaune ne a tsakiyar makarantu. Tun da aka ƙirƙiro wannan jiha a ranar 1 ga Oktoba, 1996, aka mai da Lafiya hedkwatarta, abubuwa suka canja. Ga Jami'ar Tarayya ta Lafiya da aka kafa a 2011, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Isa Mustapha Agwai, ga kwalejin aikin gona, duk a nan gida. A Keffi akwai jami'ar jiha, a Akwanga akwai kwalejin ilimi, a garin Nasarawa kuma akwai kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya. Amma duk da haka mun tarar da yara masu ƙwaƙwalwa a Sabon Pegi da Bukan Sidi da Tudun Kauri waɗanda suka gama sakandare shekara biyu ko uku, suna tsaron shago ko suna auna riɗi da agushi a kasuwa, kullum ana wucewa da ɗalibai ta gabansu a Keke Napep. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

Da muka zauna da su ɗaya bayan ɗaya, sai muka ga ƙananan abubuwa ne ke tare yawancinsu, abubuwan da babu wanda ya taɓa zaunar da su ya faɗa musu. Alal misali, tun 2021 ba a yi wa yaro rajistar jarrabawar JAMB sai da lambar NIN. To sai ka ga a takardar haihuwa sunansa Muhammadu Sani, a sakamakon WAEC ko NECO ya zama Sani Mohammed, a NIN kuma an ƙara masa sunan kaka, shekarar haihuwa ma ta sha bamban. Wannan kaɗai ya isa ya cinye wa yaro shekara. Wani kuma yana son aikin likita, amma mai shagon da ya cika masa fom ya zaɓa masa darussan da ba su dace ba, alhali likitanci sai da Turanci da Fiziks da Kemistiri da Bayoloji. Wata yarinya ta ci maki mai kyau, amma ba ta da kiredit a Lissafi, ba ta kuma san cewa a kwas ɗin da take so kiredit biyar ake nema har da Turanci da Lissafi ba. Akwai ma wanda aka ba gurbi bai sani ba, don tun 2017 sai yaro ya shiga shafin hukumar ya amsa cewa ya karɓa. Daɗin daɗawa, tun 2015 da kwamfuta ake rubuta jarrabawar nan, ga yaro bai taɓa zama gaban kwamfuta ba sai ranar da za a auna shi, darasi huɗu, maki 400.

Sai kuma maganar da ta fi shafar mu Hausawa mazauna, wato takardar shaidar asali. Yaro an haife shi a Lafiya, ubansa ma nan aka haife shi, kakansa ne ya zo fatauci daga ƙasar Kano ko Katsina. Fom ya tambaye shi jiha da ƙaramar hukumar asali, sai ya tsaya yana kallon biro. Mun ga gidajen da wa ya rubuta jiha ɗaya, ƙane ya rubuta wata. Shawararmu a nan, a zauna a gida a tsai da magana ɗaya ta gaskiya tun yaro yana aji huɗu na sakandare, a nemi takardar a kan kari, kada a bari sai ranar tantancewa. A kuma sani cewa a tsarin ɗaukar ɗalibai na jami'o'in tarayya, kashi 45 cikin 100 na gurabe na cancanta ne zalla, 35 na jihohin da ke kewaye da jami'ar, 20 kuma na jihohin da aka lasafta a baya suke a ilimin boko, kuma Nasarawa da Kano da Katsina da Sakkwato duk suna cikin wannan lissafi. Ƙofar cancanta ita ce mafi faɗi, ita ce kuma ba ta tambayar garin kakan kowa. Shi ya sa kullum muke ce wa ƙannenmu, ɗan mazauni ba shi da dangin da ya fi makinsa.

To iyayenmu, wannan shi ne abin da muka bayar. Abin da muka samu kuwa ya fi shi yawa, kuma shi ne muka fi son ku ji.

Na farko, mun koyi haƙuri da saurare. A jami'a ka karanta ka rubuta ka ci, shi ke nan. A zauren nan kuwa sai ka bayyana abu sau uku, da Turanci, da Hausa, da misalin mudu da tiya, kafin idon yaro ya buɗe. Wanda bai taɓa koyar da abu ba bai gama saninsa ba. Da yawanmu a nan muka fahimci lissafin da muka ci jarrabawarsa tun shekarun baya.

Na biyu, mun koyi yi wa manya magana. Babu wani kwas a jami'a da ke koya maka yadda za ka durƙusa gaban dattijon da ya haifi babanka, ka roƙe shi ya bar 'yarsa ta ci gaba da karatu, ko ya saki ɗansa daga shago awa biyu kowace yamma. Mun koyi cewa sai an fara da gaisuwa, an tambayi kasuwa, an ji dalilinsa tukuna. Kuma dalilan na gaske ne: kuɗin makaranta, tsoron tarbiyya, da waye zai riƙe shago. Wani gidan sai mun koma sau huɗu, wani sai da muka nemi rakiyar malamin unguwa. Zuwa da kai ya fi aike. Muna kuma gode wa iyayenmu mata, don sau da yawa su ne suka ƙarasa maganar a cikin gida bayan mun fita.

Na uku, mun koyi riƙon amana. Ranar da uwa ta kwance bakin zaninta ta miƙo maka kuɗin adashinta ta ce ka yi wa ɗanta rajista, ranar za ka san nauyin naira. Mun buɗe littafi, kowane kwabo da rasidinsa, ga shi kuma mun miƙa wa Ma'ajin ƙungiya.

Na huɗu, mun koyi zama da jama'a. Zauren nan bai tsaya ga 'ya'yan Hausawa ba. 'Ya'yan Barebarin Lafiya da Eggon da Alago da Gwandara da Tibi da Fulani sun shigo, benci ɗaya, allo ɗaya. Mun zo muna 'yan makaranta, yau za mu koma da sanin cewa za a iya dogara da mu, kuma wannan ba ya cikin takardar shaidar da za a ba mu.

Saboda haka muna da roƙo uku. Roƙo na farko, kada a rufe zauren nan bayan tafiyarmu. A nemi sababbin masu hidima tun suna sansani, a damƙa musu littafinmu, mun rubuta sunan kowane yaro da inda takardunsa suka tsaya. Na biyu, attajiranmu su taimaka da kwamfuta ko da guda biyar ce, da kuɗin fom ga marayu, a kuma sami mai bayyana wa iyaye tsarin rancen karatu na gwamnatin tarayya da aka fara a 2024. Na uku, duk ɗan wannan ƙungiya da ya gama karatu ya ba ƙannensa shekara guda, ko da yamma biyu ce a mako. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma mu baƙi ne masu wucewa, 'yan gida su ne za su ɗore.

Ku kuma ƙannenmu, wanda ya sami gurbi ya riƙe shi da kyau, ya tuna akwai na bayansa. Wanda bai samu bana ba kada ya ajiye littafi, sannu ba ta hana zuwa.

Muna godiya ga waɗanda suka ba mu masauki, da waɗanda suka riƙa aiko mana da tuwo da doya ba tare da mun roƙa ba. Allah Ya saka da alheri, Ya ƙara wa wannan ƙungiya haɗin kai, Ya zaunar da garin Lafiya lafiya.