Bayan An Amince Da Biyan Diyyar Naƙasa

Jawabi ga ma'aikata da iyalansu a Keana, Jihar Nasarawa



Maganar da zan yi yau ta shafi mutumin da ya ji rauni a bakin aiki, ko aikin ya jawo masa cuta, ya nemi diyya, aka bincika, aka kuma aiko masa da takarda cewa an amince. Galibi a nan mutane ke tsammanin magana ta ƙare. To, ba ta ƙare ba. Daga ranar da takardar ta iso hannunsa akwai abin da zai samu, da abin da ba zai samu ba, da kuma abin da ake bukata daga gare shi. Rashin sanin waɗannan shi ke sa mutum ya ci bashi a kan kuɗin da ba za su zo ba, ko ya bar hakkinsa ya salwanta.

Dokar da muke magana a kanta

Dokar Biyan Diyya ga Ma'aikata ta 2010 ita ce tushen wannan al'amari. Shugaba Goodluck Jonathan ne ya sa mata hannu cikin watan Disamba na wannan shekara. Hukumar NSITF, wadda ke ƙarƙashin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, ita ke riƙe da asusun, ita ke kuma biya. Dokar ta haɗa ma'aikatan gwamnati da na kamfanoni, ban da sojoji. Mai ba da aiki shi ke zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin da yake biya kowane wata, kuma an hana shi cire ko kwabo daga albashin ma'aikaci domin wannan. Ba a bukatar ma'aikaci ya tabbatar da laifin maigidansa kafin a biya shi. Abin da ake dubawa shi ne ko aikin ne sanadi, har da haɗarin da ya auku a hanya tsakanin gida da wurin aiki.

Keana garin gishiri ne tun kaka da kakanni, ga noma, ga haƙar ma'adinai a wannan jiha. Saboda haka ya kamata in bayyana tun yanzu: matar da ke dafa gishirinta, da manomin da ke noma gonarsa, ba su da maigidan da ke zuba musu wannan kuɗi. Maganata ta fi shafar malamin makaranta, da ma'aikacin asibiti, da direban kamfani, da leburan da aka ɗauka aikin haƙa ko gini ko babbar gona.

Yadda kuɗin ke zuwa

Dattawa daga cikinku sun san tsohuwar doka ta 1987. A ƙarƙashinta maigida ke biya daga aljihunsa, a dunƙule, kuma wanda ya naƙasa gaba ɗaya albashin wata 54 ake ba shi, shi ke nan. Wannan ne ya sa har yanzu mutane ke jiran tarin kuɗi lokaci guda. Sabuwar doka ta sauya wannan.

Wanda likita ya tabbatar ya naƙasa gaba ɗaya, naƙasa ta dindindin, ana biyansa kashi 90 cikin 100 na albashinsa, wata-wata. Ga misali. Mutumin da ke karɓar Naira 100,000 a wata zai riƙa samun Naira 90,000.

Wanda naƙasarsa ta dindindin ce amma ba gaba ɗaya ba, kamar wanda ya rasa ido ɗaya ko wasu yatsu, Hukuma takan kimanta abin da raunin ya rage masa na neman abinci, ta biya shi kashi 90 cikin 100 na wannan ragi. In an kimanta ragin Naira 40,000 ne a wata, Naira 36,000 zai samu. Shi ya sa mutum biyu masu albashi ɗaya kan sami diyya daban. Kada wannan ya jawo zargi tsakanin maƙwabta kafin a duba takarda.

Biya a dunƙule yana nan, amma ga wanda naƙasarsa ta ɗan lokaci ce, wadda ba ta wuce wata 12 ba, da kuma wanda rauni ya ɓata masa kama ƙwarai har ya iya hana shi samun aiki.

Saboda haka in takarda ta zo, a nemi wanda aka amince da shi ya karanta ta a tsanake. A san irin naƙasar da aka rubuta, da albashin da aka yi lissafi da shi, da ranar da biya ta fara. A adana lambar fayil. A tabbata sunan da ke kan takarda shi ne ke kan asusun banki da katin ɗan ƙasa, domin saɓanin harafi ɗaya yakan tsai da kuɗi makonni.

Biyan yana da iyaka

Wannan shi ne abin da ya fi wuyar faɗi, amma wajibi ne ku ji shi. Diyyar tana maye gurbin albashi ne, don haka tana tafiya da shekarun aiki. Wanda bai kai shekara 55 ba ranar da ya ji rauni, ana biyansa har ya cika 55, ko har ranar da Hukuma ta gamsu da cewa da a ranar zai yi ritaya, in ta wuce haka. Wanda ya riga ya kai 55, ana biyansa shekara 2 daga ranar rauni, ko har ranar ritayarsa, duk wadda ta fi nisa. Mai shekara 40 ke nan yana da aƙalla shekara 15 a gabansa. Shekara 15 tana da yawa a baki, amma 'ya'yan da ke firamare yau ba za su gama tsayawa da ƙafarsu ba kafin ta cika. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun daga watan farko a riƙa ware wani abu, a kuma bi sawun kuɗin fansho da aka riga aka tara a lokacin aiki.

Magani da kayan taimako

Ban da kuɗin wata, doka ta ba Hukuma ikon ɗaukar nauyin magani, da tiyata, da kwanciya asibiti, da kuɗin mota zuwa wurin jinya. Haka kuma sandunan dogarawa, da ƙafa ko hannun roba, da gyaransu ko sauya su in sun lalace. In an tura mutum jinya wani gari, kamar daga nan zuwa Lafia ko Abuja, ana iya ba shi kuɗin guzuri na kwanakin da ya yi. Amma a kula. Kafin a sayi abu mai tsada ko a sauya asibiti, a sanar da Hukuma a sami yardarta a rubuce. A ajiye kowane rasit da kowace takardar likita cikin jaka ɗaya.

Za a riƙa kiran mutum likita ya sake duba shi. Kada a ƙi zuwa, domin da rahoton likita ake aiki. In ciwo ya ƙaru, ta wannan rahoto ne za a nemi a sake duba diyya. Na san da yawa daga cikinmu sukan fara da mai ɗori na gargajiya. Ba na zagin sana'ar kowa, amma mai ɗori ba ya ba da takardar da ofis zai karɓa, kuma karayar da ta ruɓe a gida takan kai ga yanke ƙafa.

Har ila yau doka ta tanadi taimakon mai rauni ya koma aiki, ko ya koyi wata sana'a da ta dace da halin da yake ciki. Wannan ba ya zuwa da kansa, sai an tambaya. Matambayi kuwa ba ya ɓata.

Kuɗin na mai rauni ne

Doka ta hana a jinginar da diyya, ko a sa ta a hannun wani, ko mai bin bashi ya riƙe ta, sai a ƙananan wurare da ita dokar ta ambata. Ta kuma hana maigida ya yi yarjejeniya da ma'aikaci a kan ya yafe hakkinsa, ko da an ba shi wani abu a hannu. Irin wannan takarda ba ta da ƙarfi ko an sa mata hannu. Duk wanda ya zo ya ce a ba shi kaso domin ya hanzarta fayil, a rubuta sunansa a kai ƙara. Kada a ba kowa katin banki da lambar sirri.

Ga dangi kuma ina da roƙo. Kuɗin nan abincin gidan mutum ne, wanda a da yake nemowa da ƙarfinsa. Kada a mai da shi abin rabo a duk biki da suna.

Akwai kuma abin da karɓar diyya ke rufewa. Wanda ya karɓa ba zai sake kai maigidansa kotu neman wata diyya a kan wannan rauni ba. In kuwa wani ne daban ya jawo haɗarin, kamar direban wata mota, doka ta ba mutum wata 6 ya zaɓa, ko diyya ko ƙara. A nemi shawarar lauya ko ƙungiyar ƙwadago kafin a yanke.

In ba a gamsu ba

Wanda ya ga an yi kuskure a lissafi, ko an rage girman naƙasarsa, yana da kwana 180 daga ranar da aka yanke shawara ya rubuta wa Hukuma ta sake dubawa. In ya bari kwanakin suka wuce, dama ta kuɓuce. In bai gamsu da amsarta ba, sai ya ɗaukaka ƙara zuwa Kotun Ma'aikata ta Ƙasa. Ƙorafi a bakin kasuwa ba ya tsai da wannan lissafi na kwanaki, sai takarda mai kwanan wata, wadda aka karɓa aka buga wa kwafinta hatimi.

Iyali

Rai na Allah ne. In raunin ya zama ajalin ma'aikaci, doka ba ta manta da iyalinsa ba. Matar da aka bari da 'ya'ya biyu ko fiye tana samun kashi 90 cikin 100 na albashinsa a wata, mai ɗa ɗaya kuwa kashi 85. Ana biya domin yara har su kai shekara 21 ko su gama digiri na farko. Saboda haka tun da rai da lafiya a rubuta sunan kowace mata da kowane ɗa, a nemi takardun haihuwa, a kuma nuna wa iyali inda jakar takardu take.

Wata dokar da ta kamata ku sani

Cikin watan Janairu na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a Dokar Hana Nuna Bambanci ga Naƙasassu, aka kuma kafa Hukumar Naƙasassu ta Ƙasa a 2020. Dokar ta umarci ma'aikatun gwamnati su ware aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki domin naƙasassu. Ta ce a fara sallamarsu a layi. Ta hana a yi amfani da su wajen bara. Mutumin da aka kama da laifin nuna musu bambanci yana iya fuskantar tarar Naira 100,000 ko ɗaurin wata 6, ko duka biyu. Karɓar diyya ba ta hana kowa cin moriyar wannan doka.

Jama'a, mutumin da ya rasa hannu a bakin aiki ba sadaka ake ba shi ba. Hakkinsa ne da doka ta tanada tun ranar da aka ɗauke shi aiki. Wanda ya ji wannan jawabi ya kai shi ga wanda ke kwance a gida bai sami zuwa ba. Mai tambaya a kan fayil ɗinsa ya tafi ofishin Hukuma a Lafia da takardunsa, ko ya aiki wanda ya yarda da shi.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya kiyaye sauran ma'aikata, ya mai da kowa gidansa lafiya.